Rauta ta ƙi tashi bayan filashin: yadda ake farfaɗo da ita a gida

Ana tsakiyar zuba wa rauta, wato na'urar raba wifi, sabuwar manhaja (abin da ake kira filashin) kuran ya ɗauke, ko kuma fayil ɗin da aka zuba ba nata ba ne. Tun daga nan fitilarta sai ƙiftawa, wayoyin gida ba su ganin wifi, shafin saiti ba ya buɗuwa. A Damagaram wannan ya fi faruwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai wa maƙura, kuran yana zuwa yana komawa ba sallama. Da yawa sai su ce ta ƙone, su jefa ta lungu, su nufi kasuwar Dole neman wata. Alhali a mafi yawan lokuta ba abin da ya ƙone, kuma kwamfuta ɗaya da wayar rezo ɗaya sun isa a dawo da ita.

A cikin kowace rauta akwai ƙaramin aisin ajiya, wato guntun lantarkin da manhaja ke zaune a ciki. A ƙananan rautocin gida girmansa megabait 4 ne, ko 8, ko 16. An kasa shi kashi-kashi: a farko akwai manhajar tayarwa, wadda galibi U-Boot ce ko CFE, a tsakiya akwai babbar manhajar da ke tafiyar da wifi da shafin saiti, a wani gefen kuma akwai bayanan daidaita rediyon wifi da aka rubuta tun daga masana'anta. Filashin na yau da kullum tsakiyar yake gogewa ya sake rubutawa. In ya katse, kamar gida ne da ɗakin ciki ya rushe amma zaure na tsaye, ƙofarsa kuma na buɗuwa. Duk aikin da ke ƙasa neman wannan ƙofar ne.

Fara da caja

Kafin ka zargi manhaja, ka zargi caja. Zafi yana busar da kayan cikinta, sai ta riƙa ba da wutar da za ta kunna fitila amma ba za ta iya ɗaga rautar ba. Alamar iri ɗaya ce sak da ta lalacewar manhaja: rauta ta fara tashi, ta mutu, ta sake farawa. Juya rautar ka karanta takardar da ke manne a gindinta. TL-WR841N ta TP-Link bolt 9 take ci, Archer C7 kuwa 12. Nemi wata caja mai bolt daidai da wanda aka rubuta, ƙarfin amfiyarta ya kai ko ya ɗara, ka gwada. Kada ka sa ta 12 a rautar 9 wai don bakin ya shiga.

In caja lafiya take, kunna rautar ka ƙyale ta minti 5 cur, domin tashin farko bayan filashin yakan yi nawa. Sannan ka sa tsinke a ramin Reset ka danne kamar daƙiƙa 10, ka jira ta sake tashi. Wani lokaci sabuwar manhajar ta zauna daram, tsohon saiti ne kawai ya shaƙe ta. Tsohuwar dabarar nan ta danne Reset daƙiƙa 30 sau uku an yi ta ne don rautocin Broadcom na da, ba za ta ƙara maka komai a kan na yanzu ba.

Fayil ɗin: a nan ake faɗuwa

Koma kan takardar gindi. Bayan sunan samfurin akwai lambar siga, ana rubuta ta Ver: 9.0 ko V13 da makamantansu, wani lokaci da EU ko US a gefe. Wannan lambar ta fi sunan muhimmanci. TL-WR841N siga ta 9 aisin Qualcomm Atheros ke cikinta, siga ta 13 kuwa na MediaTek ne. Suna ɗaya, launi ɗaya, ƙaho biyu iri ɗaya, amma manhajar ɗaya guba ce ga ɗayar.

Wani saurayi mai sayar da tikitin wifi a Zango ya kawo min tasa a cikin leda, rai a ɓace.

"Yaya, ta mutu murus. Ko wifi ba ta fitarwa."

"Me ka zuba mata?"

"Na samfurinta mana. Wani aboki ne ya turo min ta WhatsApp, shi ma irinta gare shi."

Muka juya ta, siga ta 9. Muka duba sunan fayil ɗin a wayarsa, na siga ta 13 ne, kuma ba ta shafin saiti ya zuba ba, ta wata hanya ya tilasta mata. Shafin saiti na kamfani yakan ƙi fayil ɗin da ba nasa ba, to shi da ya ga an ƙi sai ya ɗauka taurin kai ne.

Don haka sauko da fayil ɗin da kanka daga shafin kamfanin da ya ƙera rautar, na samfurin da sigar da yankin da ke rubuce a jikinta. Yi amfani da rezon wayarka, ka tabbata saukarwar ta kammala, domin rezo mai yankewa yakan bar rabin fayil da cikakken suna. In shafin ya ba da lambar tantance fayil mai suna SHA256, buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256, ka gwama lambobin biyu. Fayil ɗin yakan zo a naɗe cikin zip. Warware shi ka ciro na ciki, mai ƙarewa da.bin ko .trx ko .chk ko .img. Akwai kuma rautocin da aka ƙera don kasuwar Sin kaɗai, waɗanda shafin saitinsu da Sinanci yake. Suna shigowa kasuwanninmu a cakuɗe da sauran kaya, kuma sau da yawa ma'ajiyarsu ta fi ƙanƙanta. Manhajar Turai ba ta zama a kansu.

Wuta da kwamfuta

Kada abin da ya kashe ta ya sake samun ta a tsakiyar magani. Yi aikin da kwamfutar hannu mai cikakken batir, rautar kuma ka jona cajarta a ondila, wato na'urar riƙe wuta in kuran ya ɗauke, ko imbatar sola. Kada ka ɗaura ta kai tsaye a batirin sola: da rana, lokacin da fano ke cika shi, yakan haura bolt 14. In ba ka da ko ɗaya, zaɓi lokacin da ka san kuran ya fi zama a unguwarku. Aikin kansa bai fi minti 10 ba in komai ya shirya.

Cire duk wayoyin da ke jikin rautar, ka bar ɗaya tak daga ramin LAN1 zuwa kwamfuta. Kashe wifin kwamfutar. Yanzu sai ba ta adireshi tsayayye, tunda rautar da ta saba raba adireshi tana kwance. Danna maɓallin Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan Ethernet, shiga Propriétés, zaɓi Protocole Internet version 4, sannan Utiliser l'adresse IP suivante. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, amma jerin wuraren ɗaya ne a kowane harshe. A layin farko rubuta 192.168.1.10, a na biyu 255.255.255.0, na uku ka bar shi fayau. Kashe Pare-feu Windows na ɗan lokaci, da duk wata manhajar kashe ƙwayar cuta mai nata shingen. Da yawa cikin waɗanda ke cewa sun bi duk matakai ba ta yi ba, wannan shingen ne ya tare su.

Saurara ko tana numfashi

Buɗe cmd ka rubuta ping -t 192.168.1.1, umarnin da ke ƙwanƙwasa wa rautar a ga ko za ta amsa, ka bar shi yana gudu. Zare wutar rautar, ka mayar, idonka a kan allo. Za ka ga layukan Délai d'attente de la demande dépassé suna sauka. Abin da kake nema shi ne layi biyu ko uku a tsakaninsu masu farawa da Réponse de 192.168.1.1, kuma ƙarshen layin ne labarin yake. In ka ga TTL=100, manhajar tayarwa ce ta amsa, irin ta CFE, tana jiran a miƙo mata fayil. In ka ga TTL=64 kuma amsar ta ɗore, babbar manhajar ta tashi, matsalarka ƙarama ce: gwada buɗe adireshin a burauza. In shiru, canja adireshin kwamfuta zuwa 192.168.0.10 ka yi ping ɗin 192.168.0.1. Shiru a nan ma ba mutuwa ba ne, domin rautocin TP-Link da yawa ba su amsa ping a wannan hali. Su ne ke fitowa neman fayil da kansu.

TP-Link

Da yake ita ta fi yawa a gidaje da shaguna, bari mu zauna a kanta. Manhajar tayarwarta, in aka kunna ta ana danne da Reset, takan leƙa rezo ta nemi kwamfuta mai adireshi 192.168.0.66, ta roƙi wani fayil mai takamaiman suna ta TFTP, wata sassauƙar hanyar tura fayil ta wayar rezo. Aikinka shi ne ka zama wannan kwamfutar.

Mai da adireshinka 192.168.0.66. Sauko da Tftpd64, manhajar da za ta miƙa wa rautar fayil ɗin, kyauta ce kuma ƙarama. Buɗe sabuwar jaka a kan C, ka sa fayil ɗin manhajar a ciki, ka canja masa suna. TL-WR841N siga ta 9 tana neman wr841nv9_tp_recovery.bin, siga ta 13 tana neman tp_recovery.bin kawai. Kafin ka canja sunan, shiga Affichage ka sa alama a Extensions de noms de fichiers, in ba haka ba Windows zai ɓoye wutsiyar sunan, ka wayi gari da fayil mai .bin.bin wanda rautar ba za ta taɓa gani ba. A cikin Tftpd64 nuna masa jakar, a Server interfaces kuma zaɓi 192.168.0.66, sannan ka buɗe shafin Log viewer.

Zare wutar rautar. Danne Reset da tsinke, ka mayar da wuta ba tare da ka saki ba. Riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, har fitilar WPS ta kama ko ka ga sandar tura fayil ta bayyana a kwamfuta, sannan ka saki. Turawar ƴan daƙiƙu ce, amma rubutawar cikin aisi ita ce mai ɗaukar lokaci, kuma ba a ganin ta. Ɗauke hannunka gaba ɗaya. Minti 5 ba taɓawa, ko da fitilun sun yi kamar an gama. Ita da kanta za ta sake tashi.

In bai yi ba, Log viewer zai gaya maka dalili. In ya nuna an roƙi wani fayil ba a same shi ba, to ga sunan da rautar ke so nan a rubuce, kwafe shi harafi da harafi. Akwai Archer C7 siga ta 2 da ke roƙon ArcherC7v3_tp_recovery.bin, ka ga ba don wannan shafin ba sai mutum ya kwana yana canke. In kuwa shafin fari fat yake, abu uku ne. Ko shingen Windows bai mutu ba. Ko rautar wani adireshin take nema, wanda Wireshark, mai nuna duk abin da ke wucewa ta wayar rezo, zai tona: buɗe shi a kan Ethernet, kunna rautar, za ka ga tana tambayar wa ke da adireshi kaza, sai ka ba kwamfutarka wannan adireshin. Ko kuma kwamfutar ce ke makara, domin duk lokacin da rautar ta mutu ramin Ethernet na kwamfuta yakan kwanta, kafin ya farka rautar ta gama tambaya ta wuce. Maganin wannan shi ne ka sa ƙaramin suwic a tsakaninsu, ko wata rautar mai rai da aka kashe mata rabon adireshi, don ramin ya zauna a farke. Gwada sauran ramukan LAN ma, har da WAN.

Sai tarko guda da ya kamata a sani. A tsofaffin samfura masu aisin Atheros, in sunan fayil ɗin da ka sauko daga kamfani yana ɗauke da kalmar boot, akwai manhajar tayarwa a haɗe a gabansa, kuma ba a tura shi haka ta TFTP. Sai an yanke bait 131,584 na farko. A Linux umarnin shi ne dd if=asali.bin of=yankakke.bin skip=257 bs=512. A Windows mafi sauƙi ka duba ko shafin kamfanin yana da tsohuwar manhajar da babu boot a sunanta, ka tada rautar da ita, daga baya ka sabunta ta shafin saiti. Samfuran MediaTek nasu tsarin daban ne, kada ka yi musu wannan yankan.

Sababbin Archer sun sauƙaƙa abin. Ba kwamfuta 192.168.0.10, kunna rautar kana danne da Reset, buɗe 192.168.0.1 a burauza, za ka tarar da shafi tsirara mai wurin zaɓar fayil.

Sauran kamfanoni

D-Link ma shafi take buɗewa: kwamfuta a 192.168.0.10, danne Reset, kunna, jira fitilar wuta ta fara ƙiftawa, ka shiga 192.168.0.1. In burauza ɗaya ta maƙale a tsakiya, gwada wata. ASUS tana da manhajarta mai suna Firmware Restoration. Kwamfuta a 192.168.1.10, danne Reset ka jona wuta har fitilar ta riƙa ƙiftawa a hankali, sannan ka tura. Netgear kai ne ke tura mata: kunna Client TFTP a cikin fonctionnalités Windows, ka rubuta tftp -i 192.168.1.1 put da sunan fayil ɗin, ka danna Entrée daidai lokacin da ping ya fara amsawa. In lokacin yana kuɓuce maka, manhajar nmrpflash tana yin aikin ba tare da tsere ba. Wasu Linksys irin su WRT1900AC manhaja biyu gare su a ajiye; ka kunna, da fitila ta fara ƙiftawa ka kashe, sau uku a jere, sai ta koma kan tsohuwar da kanta.

Masu sana'ar wifi da ke amfani da MikroTik, taku manhajar kamfanin ce mai suna Netinstall. Wayar a ether1, kwamfuta a 192.168.88.2, a Net booting ka rubuta 192.168.88.3, ka danne Reset kana kunnawa har na'urar ta bayyana a jerin, kamar daƙiƙa 15. Fayil ɗin .npk ya dace da ginin na'urar: smips ga hAP lite, mipsbe ga RB951, mmips ga hEX RB750Gr3. Lasisi ba ya ɓata, amma saiti da tikitin kwastomomi za su tafi, sai in ka sa alama a Keep old configuration ko kana da ajiyarsu a gefe.

Wanda ya zuba OpenWrt, manhajar rauta ta kyauta da ba ta kamfani ba, ya fara gwada yanayin ceto. Jim kaɗan bayan kunnawa fitila takan yi ƙiftawa da sauri. Danna maɓalli sau ɗaya a lokacin, ƙiftawar za ta ƙara gudu. Shiga 192.168.1.1 ta SSH, hanyar ba na'ura umarni a rubuce daga kwamfuta, da sunan root, rubuta firstboot, amsa da y, sannan reboot -f.

Rautar 4G mai layin waya a ciki, irin Huawei ko ZTE da kamfanonin sadarwa ke sayarwa, ba ta cikin wannan lissafin. Manhajarta ta kamfanin ce, kuma fayilolin da ke yawo a intanet da sunan buɗe ta su ne suka fi kashe ta. In tana cikin garanti, mai da ta inda ka saya kafin ka kwance ko da noti ɗaya.

In duk ƙofofin waje sun rufe

Saura a buɗe murfi a yi magana da manhajar tayarwa kai tsaye. Kana bukatar ƙaramar adaftar USB-TTL mai aisin CP2102 ko CH340, a saita ta kan bolt 3.3. A kan allon rautar nemi ramuka ko ƙusoshi huɗu a jere: GND, TX, RX da VCC. In ba a rubuta ba, mita za ta nuna maka: wanda ke haɗe da ƙarfen jikin ramukan rezo shi ne GND, wanda ke tsaye cak a 3.3 shi ne VCC, wanda ke rawa lokacin kunnawa shi ne TX. Haɗa GND da GND, TX na rauta da RX na adafta, RX da TX. VCC kada ka taɓa shi ko kusa. Rautar cajarta za ta ba ta wuta.

Buɗe PuTTY, manhajar da za ta nuna maka rubutun da rautar ke fitarwa, zaɓi Serial, rubuta lambar COM ɗin adaftar, gudu 115200. Kunna rautar. In haruffan shirme suka cika allo, gudun ne bai dace ba, gwada 57600, wanda allunan MediaTek da yawa ke amfani da shi. In rubutu mai ma'ana ya fito, za ka karanta da idonka inda take tuntuɓe. A tsofaffin TP-Link, da ka ga Autobooting in 1 seconds ka rubuta tpl da sauri, sai ta tsaya tana jiran umarni. Rubuta printenv ka ga serverip, ka ba kwamfutarka wannan adireshin, Tftpd64 na kunne. Ga TL-WR841N mai aisin Atheros da megabait 4, umarnin huɗu ne:

tftpboot 0x81000000 yankakke.bin
erase 0x9f020000 +0x3c0000
cp.b 0x81000000 0x9f020000 0x3c0000
bootm 0x9f020000

Lura da 0x9f020000 ɗin nan. Ma'ajiyar daga 0x9f000000 take farawa, kilobait 128 na farko kuma na manhajar tayarwa ne. Wanda ya mai da lamba 2 ɗin nan sifili a layin erase ya goge ƙofar da yake tsaye a kai. Waɗannan lambobin na wannan samfurin ne kaɗai, na wani sai an nemo nasa. A allunan MediaTek jerin zaɓi ne ke fitowa: lamba 2 tana karɓar manhaja ta TFTP ta rubuta, lamba 9 kuwa manhajar tayarwa take sake rubutawa, ka nisance ta.

In PuTTY bai nuna ko harafi ɗaya ba bayan ka musanya TX da RX ka sake gwadawa, manhajar tayarwar ta tafi. Abin da ya rage shi ne rubuta aisin daga waje da na'urar CH341A da matsewarta mai haƙora takwas. Wannan aikin masu gyaran waya ne da suka saba da dalma, kuma ka gaya wa wanda za ka ba abu biyu. Na farko, ya karanta duk abin da ke cikin aisin ya adana kafin ya goge komai, domin bayanan daidaita wifi, waɗanda a allunan Atheros ke kilobait 64 na ƙarshe, na wannan rautar ne ita kaɗai, ba a sauko da su daga ko'ina. Na biyu, ya auna wutar na'urarsa, saboda CH341A mai baƙin allo takan fitar da bolt 5 a layukan bayanai alhali aisin 3.3 yake ɗauka. Ga rauta mai tsada ko MikroTik ɗin sana'a, wahalar ta cancanta. Ga ƙaramar rauta mai megabait 4 da ta sha shekaru, a ganina ka tambayi kuɗin aikin tukuna ka gwama da na sabuwa.

Da ta tashi

Koma ncpa.cpl ka mai da kwamfutar kan Obtenir une adresse IP automatiquement, ka kunna Pare-feu. Yi wa rautar Reset sau ɗaya don ta fara daga fari, ka shiga shafin saiti ka sa sabuwar kalmar sirri ta shiga da ta wifi. Kada ka ɗora mata ajiyar saitin wata manhajar daban, sake shigar da komai da hannu. In da tsohuwar manhaja ka tada ta kuma kana son sabuwa, yi ta waya ba ta wifi ba, cajar tana jone a ondila, sannan ka ajiye fayil ɗin da ya yi aiki tare da Tftpd64 a kile ɗaya na USB, ka rubuta samfurin da sigar a jikinsa.